Ba Aljani Ba Ne Ke Ihu, Yaro Ne

Ni na riƙe ƙafafunsa. Da wannan zan fara, don kada mai karatu ya ɗauka daga tudun mun tsira nake magana. Ɗan yayata ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke da mahaifiyarsa, kuma shekarunsa 4 a lokacin. Mutum biyu suka danne hannayensa, ni na kama ƙafafu, mai gidan ruƙiyyar kuma ya kafa lasifika dab da kunnensa yana karatu iya ƙarfinsa, ga hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Yaron da ƙarar injin markaɗe daga gida na uku take sa shi toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado, shi aka yi wa haka kusan awa guda. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ya saki fitsari a wando. Mutumin ya waigo yana share gumi, ya ce wa Yaya: "Hajiya, kin ji ko? Ƙonewa yake yi. Saura zama uku ya fita."

Ina tsaye da digirina na kimiyyar kwamfuta, na gyaɗa kai. Ni da ba na yarda layi ɗaya ya shiga manhaja sai na gwada shi, na yarda a azabtar da ɗan 'yar'uwata ba tare da na nemi hujja ko ɗaya ba. An yi zama uku, an ƙara uku, an koma wani gidan. 'Yan kunnen gwal na Yaya suka tafi, keken ɗinkinta ya bi baya. Abin da muka samu shi ne yaro wanda a da yake yarda in ɗauke shi, ya koma yana ruga wa da gudu da zarar ya ji muryata a zaure.

Babu aljani a jikin yaron nan. Abin da yake da shi likitoci suna kiransa otizim. Kafafen labarai na Hausa sun fi ce masa galahanga, ko da yake wannan kalma ta zama kwandon da muke jefa kowace irin lalurar ƙwaƙwalwa a ciki. Abin da na zo faɗa guda ɗaya ne: mafi yawan wahalar da irin waɗannan yara suke sha a gidajenmu ba daga lalurar take fitowa ba, daga hannunmu take fitowa, saboda mun nace sai mun fitar da wani abu daga jikinsu maimakon mu koyi yadda za mu zauna da su.

Otizim ba cuta ce da ake ɗauka ba, kuma ba ta shiga mutum da rana tsaka. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yaro yana ciki, alamominsa kuma sukan bayyana kafin shekara 3. Yana taɓa yadda mutum yake magana da mu'amala da jama'a, da yadda yake jin ƙara, haske, wari da taɓawa. Za ka ga yaro ba ya waigowa idan an kira sunansa alhali yana jin ƙarar buɗe ledar biskit daga ɗaki na biyu. Ba ya nuna abu da yatsa don ya ja hankalinka. Yana jera murafan lemo a layi, idan ka gusar da ɗaya duniya ta tashi. Yana kaɗa hannaye ko jujjuya jiki, yana maimaita kalmar da ka faɗa maimakon ya ba ka amsa, ko ya ƙi cin komai sai farar shinkafa. Wani yana magana tiryan-tiryan har ya yi digiri, wani ba zai taɓa furta kalma ba kuma zai buƙaci kulawa har ƙarshen rayuwarsa. Wasu suna haɗawa da farfaɗiya. Shi ya sa tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke aiki da shi ya tattara nau'o'in duka ƙarƙashin suna ɗaya mai matakai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ka ƙirga yaran islamiyyar unguwarku, sannan ka tambayi kanka ina nasu yake. Yana nan. Yana ƙuryar ɗaki, an rufe ƙofa saboda an yi baƙi.

Tarbiyyarmu ma kan ɓoye alamomin. Yaron da ba ya kallon idon manya mu ce yana da kunya. Wanda zai wuni shi kaɗai ba ya neman kowa mu ce mai haƙuri ne. Wanda bai yi magana ba har shekara uku mu ce nauyin baki ne, kawunsa ma haka ya yi. Sai ranar da ya fara buga kansa da bango sannan a tashi, kuma ba asibiti ake nufa ba, neman mai laifi ake yi.

Mai laifin kuwa a kullum mace ce. A gidan Yaya, an fara da ita: wai ta yi wanka da magariba tana da ciki, wai ta zuba ruwan zafi a makwarara ba ta yi bisimilla ba. Da wannan bai ishe su ba aka koma kan abokiyar zamanta, matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, aka ce ita ta yi jifa. Har yau ba sa ga maciji da juna. Dangin miji kuma suka tsaya kan cewa babu irin wannan a zuri'arsu.

Kada mu ɗauka mu kaɗai muka yi wannan zalunci. Ɗaya daga cikin likitocin farko da suka bayyana otizim a rubuce, Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka, ya yi bayanin yara 11 a 1943, kuma daga bayanansa aka gina zargin cewa sanyin zuciyar iyaye ne ke jawo abin. Bruno Bettelheim ya ɗauki zargin ya yayata shi, musamman a littafinsa na 1967, har aka riƙa kwatanta iyaye mata da firji. Shekaru aka kwashe mata suna kuka da laifin da ba su yi ba. Wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Bernard Rimland, wanda ɗansa ke da lalurar, ya ƙaryata wannan tun 1964, sannan binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka fitar a 1977 ya nuna cewa ƙwayoyin halitta ne ke da babban kaso. Ƙwayoyin nan suna iya zuwa ta wajen uwa, suna iya zuwa ta wajen uba, wani lokaci kuma sauyin a jikin yaron ya fara, babu shi a jikin kowa cikinsu. Turawa sun yi kuskure, hujja ta zo, suka janye. Mu yaushe za mu janye?

Ba mu gama da aljani ba kuma sai ga wata sabuwa tana yawo a WhatsApp, wai allurar rigakafi ce. Asalin wannan magana sananne ne. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa rahoto kan yara 12 kacal a mujallar Lancet yana danganta otizim da rigakafin ƙyanda. Aka bincika aka tarar da maguɗi, a 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita. A 2019 aka fitar da binciken da ya bi yara fiye da 650,000 a Denmark, ba a ga wata alaƙa ba. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne lokaci: shekarun da ake yin allurai su ne shekarun da alamomi ke fitowa. Haka wata za ta ce tun da aka yaye shi aka kai shi gidan kaka ya canza. Zakara yana cara gari ya waye, amma ba shi ya fito da rana ba. Mu da muka ga abin da dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya jawo, da yaran da suka rasa ƙafafu a dalilinsa, bai kamata a sake sayar mana da wannan tsumma ba. Ƙyanda tana kashe yara, ba wasa take yi ba.

Yanzu ga waɗanda na fi jin haushi: 'yan kasuwar waraka. Ka buɗe Facebook ko TikTok za ka gan su da farar riga da jarkoki, suna rantsuwa cewa cikin kwana 21 yaro zai yi magana. Ka lura da yadda tarkon yake. Idan yaro ya yi ihu a wajen ruƙiyya, aljani ne ke ƙonewa. Idan ya yi shiru, aljanin bebe ne. Idan ya samu sauƙi, magani ya ci. Idan abin ya ƙaru, aljanin yana fushi ne don ya kusa fita, a ƙaro kuɗi. A sana'ata, gwajin da ba zai taɓa iya faɗuwa ba, komai ka zuba masa sai ya ce daidai, sunansa gwajin banza, kuma duk wanda ya rubuta shi yaudarar kansa yake yi ko yaudarar mai biya. Babu ƙwaya, babu jiƙo, babu hayaƙin da aka tabbatar yana warkar da otizim. A ƙasashen da suka ci gaba ma akwai irin waɗannan mutane. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 ya mutu a jihar Pennsylvania yayin da ake yi masa wani magani na wai a tsotse ƙarafa daga jininsa. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sake gargaɗin jama'a kan wani ruwa da ake tallatawa a matsayin maganin otizim, alhali sinadarin bilic ne.

Idan kuɗi ya ƙare yaron kuma ya girma ya yi ƙarfi, sai a fara maganar gidan mari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, har da ƙananan yara. Aka yi ta salati a rediyo, aka rufe wasu gidajen a Katsina da wasu wurare. Amma gidan marin da babu ɗan sandan da zai shiga shi ne wanda ke bayan ɗakin girkinmu, inda aka ɗaure yaro da igiya a jikin turmi don kada ya fita ya kunyata gida.

Na san abin da wani zai ce: wato kai ka ƙaryata aljanu, ka ƙaryata ruƙiyya. Ban ƙaryata ba. Har gobe Yaya tana tofa wa ɗanta addu'a kowane dare, a hankali, cikin muryar da ya saba da ita, yana kwance yana wasa da gefen mayafinta. Wannan addu'a ce. Danne yaro da ƙarti uku, da lasifika, da hayaƙin da ke shaƙe shi, da bulala, ba addu'a ba ce, ko me ake karantawa a lokacin. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wata mata mai lalura a hankalinta ta nemi ganin Manzon Allah (SAW) kan wata buƙata, ya bar mata zaɓin inda za su tsaya, ya tsaya da ita har ta gama. Ba a danne ta ba, sauraron ta aka yi. Ina roƙon malamanmu na gaskiya, waɗanda ba su buɗe shago da sunan Alƙur'ani ba, su faɗi wannan a mumbari, domin kalma ɗaya daga bakin liman ta fi rubutuna dubu isa cikin gidaje.

Sauraron nan shi ne ya canza mana komai. Bayan wata likitar yara ta duba shi ta faɗa mana sunan lalurar, sai ta ce wa Yaya ta daina tambayar yadda za ta hana shi ihu, ta fara tambayar me ihun yake faɗa. Maganar ta shige ni, domin ita ce aikina na kullum. Idan manhaja ta tsaya ta fito da jan rubutu, ba na dukan kwamfuta, karanta rubutun nake yi, don a ciki aka faɗi inda matsalar take. Yaro ba na'ura ba ne, Allah ya kiyaye, amma wanda ba shi da kalmomi da jikinsa yake magana. Muka sayi ƙaramin littafi, duk ranar da ya birkice mu rubuta lokaci, da abin da ya faru kafin nan. Cikin mako uku muka ga zaren: tayar da janareta, cikowar gida da baƙi, sauya hanyar zuwa gidan Hajiya, da rigar shadda mai sitati da ke cizon fatarsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya buƙaci jirgin Indiya. Muka saya masa abin toshe kunne irin na masu aikin injin. Aka riƙa gaya masa kafin a tayar da janareta. Aka ware masa lungu ɗaya a ɗaki wanda idan ya shiga babu mai taɓa shi. Na ɗauki hotunan kofinsa, kwanonsa, banɗaki, takalminsa da gidan Hajiya da wayata, aka wanke su a shagon hoto aka yi musu leda. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba, tun 1985 ake koyar da yara magana ta musayar hotuna a Amurka. Wata biyu yana watsar da su. Ranar da ya ɗauki hoton kofi ya sa a tafin hannun uwarsa, Yaya ta kira ni tana kuka, ta ce: "Auta, ya ce ruwa." Bai furta komai ba, amma ya ce ruwa.

Daga baya muka ƙara hotunan sassan jiki. Yana shekara 6 ya kawo hoton baki yana dukan kumatunsa. Aka duba aka tarar da haƙorin da ya ruɓe har ya yi ƙurji. Watannin da ya yi yana buga kai da bango, waɗanda aka fassara mana da cewa aljanin ya dawo da rundunarsa, ciwon haƙori ne. Ka tsaya ka yi tunanin yara nawa ne yau ake yi wa hayaƙi saboda ciwon haƙori, ko ciwon kunne, ko cushewar ciki.

Akwai kuma wasu da nake da magana da su, su ne abokan aikina 'yan boko. Da sun ji otizim sai su ce ai irinsu ne haziƙan duniya, ka koya masa kwamfuta. Gaskiya ne kamfanin SAP ya buɗe shirin ɗaukar masu otizim aiki a 2013, Microsoft ma ya yi a 2015. Gaskiya ne Temple Grandin, wadda ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara 3, ta zama farfesa a ilimin dabbobi, kuma tsarin shingayen shanu da ta zana ya bazu a mayankan Amurka. Na yi aiki da wani matashi da ba ya iya gaisuwar minti biyar irin tamu amma yana ganin kuskuren da mu biyar muka tsallake. Sai dai ɗan yayata shekarunsa 9 yanzu, kalmominsa ba su kai 30 ba, kuma mai yiwuwa ba zai taɓa rubuta manhaja ba. To, sai me? Mai cewa aljani ne da mai cewa haziƙi ne duk abu ɗaya suke yi, sun ƙi kallon yaron da ke gabansu. Mutuncin ɗan'adam ba lada ba ne da ake biya bayan ya nuna bajinta.

Wani kuma zai ce duk wannan zancen masu hali ne, talaka ina ya ga likitan magana? Wannan ƙorafi yana da gaskiya. Ƙwararrun kaɗan ne, mafi yawansu suna Legas da Abuja, kuɗin makarantunsu kuma ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci. Amma kuɗin da Yaya ta kashe a gidajen hayaƙi ya ninka abin da muka kashe a asibiti da hotuna sau da yawa. Akwai sashen yara da na ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri. Akwai takardar tambayoyi 20 da ake yi wa iyayen yaro ɗan wata 16 zuwa 30 don gano alamomi da wuri, wadda ba ta buƙatar wata na'ura. Me zai hana a mayar da ita Hausa a koya wa ma'aikatan da ke yin awo da rigakafi a asibitocin sha-ka-tafi? A watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su haƙƙin ilimi. A 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Dokoki suna nan a takarda, amma makarantu uku suka mayar mana da yaron nan, ɗaya ma cewa aka yi sauran iyaye za su kwashe 'ya'yansu. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa otizim tun 2007, za a yi taro a otal a ɗauki hoto. Ranar 3 ga wata yaron yana gida.

Sauran aikin kuma ba na gwamnati ba ne, namu ne. Ke da kika ga yaro ya kwanta yana birgima a gidan biki, kada ki ce wa uwarsa ta sangarta shi, rage ƙarar kiɗan ko ki nuna mata ɗakin da babu mutane. Kai malamin allo, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ba taurin kai yake yi ba, ajiye dorinar. Kai mai waya, saurayin unguwarku da yara ke bi suna kira dolo ba abin ɗauka ba ne a sa a TikTok. Masu shirya finafinanmu, an gaji da gaulan da ke zubar da miyau don a yi dariya. Iyaye kuma, aurar da yarinya mai wannan lalura ga wanda bai san halinta ba, wai aure zai warkar da ita, miƙa ta ne ga wahala. Kuma mu tuna cewa yaran nan suna girma. Tambayar da ke hana Yaya barci ba ta yau ba ce, ita ce wa zai riƙe shi ranar da babu ita.

Yaro na farko a cikin 11 ɗin da Kanner ya rubuta sunansa Donald Triplett, daga wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Mississippi. An taɓa kai shi gidan ajiye yara, bayan kusan shekara guda iyayensa suka je suka ɗauko abinsu. Ya yi karatu, ya yi aiki a bankin garin shekaru masu yawa, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Iyayensa masu hali ne, ba a musu. Amma otizim ɗinsa bai taɓa barinsa ba. Mutanen garinsa ne suka san halinsa, suka karɓe shi a haka, suka tsare masa mutunci. Mu da muke alfahari da zumunci da maƙwabtaka, mu da muke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, wannan bai kamata ya gagare mu ba.

Shekara biyu ɗan yayata ya yi kafin ya sake yarda in zauna kusa da shi. Ban yi masa bayani ba, ban san da waɗanne kalmomi zan yi ba. Zuwa nake yi in zauna a bakin tabarma in yi shiru yana jera murafansa. Ran nan ya ɗauki guda ɗaya, bai kalle ni ba, ya ajiye a kan gwiwata ya ci gaba da aikinsa. Tana cikin aljihuna har yanzu. Idan an kira ka gobe ka zo ka taya riƙe ƙafafun wani yaro, ka tuna cewa wanda ke ihun yana jin komai, kuma ba zai manta hannun da ya danne shi ba.